Hannun Da Ya Ɗauke Ni

Masu karatu, yau sai kun yi haƙuri da ni. Na saba zuwar muku da raha da tsegumin gidanmu, amma abin da ya same ni cikin kwana ukun nan ya kashe mini baki. A bakin gadona nake zaune ina wannan rubutu, ƙofa a sakaye, kuma duk motar da ta rage gudu a layinmu sai na leƙa ta taga.

Ga wanda yau ya fara bina, shekaruna ashirin da shida, ni ce auta a gidanmu, ina aiki a babbar jaridar gwamnati, sashen gyaran hotuna. Duk hoton Shugaba da za a buga sai ya bi ta kwamfutata. In furfura ta leƙo a gefen kunnensa, in shafe. In gumi ya tsatso masa a goshi, in share. In ya tsaya kusa da wanda ya fi shi tsawo, in rage wa mutumin kaɗan, shi in ƙara masa kaɗan. Sandar da yake dogarawa tun bara na goge ta ya fi sau ɗari. Akwai ministan da na cire daga hotuna goma sha huɗu a yini guda, na cike gurbinsa da labule da tukunyar fulawa, ban kuma tambayi inda shi mutumin ya shiga ba.

A jarida sunansa Garkuwar Ƙasa. A gida kuwa "Mutumin" muke cewa, shi ma da murya ƙasa-ƙasa. Kafin zuwana an yi wani dattijo mai duba kurakurai a ofishinmu, wanda ido ya yaudara rana ɗaya. Harafi ɗaya ya faɗi, wani ya yi tsalle gaba, aka wayi gari shafin farko yana ɗauke da Karuwar Ƙasa. Na san kun yi dariya, ni ma na yi ranar da aka raɗa mini. Amma har yau kofin shayinsa yana kan taga, ba wanda ya ɗauka, ba kuma wanda ya san inda mai shi yake.

Sunan Garkuwa daga hoto guda ya samo asali. Shekara ashirin da biyu ke nan da aka yi babbar ambaliya, ruwa ya ci unguwanni. A hoton ga wani matashi da farar singileti, ruwa har ƙirjinsa, ya saɓo 'yar yarinya a kafaɗa, ta kifa kanta a wuyansa. Labarin ya ce lokacin yana ƙaramin hafsa, ya tuɓe kakinsa ya faɗa ruwan. Hoton yana littafin aji uku, yana bangon kowane asibiti. Ina firamare yarinya ɗaya ya ceta. Da na shiga sakandare sun zama bakwai. Bara jaridarmu ta ce makaranta guda ya kwashe har da malamanta, kuma da karyayyen hannu.

Wanda ya rubuta na baran shi ne mai nemana. A ofis Zuma ake ce masa, wai in ya rubuta yabo har ƙuda sai ya bi takardar. Dogo ne, mai sanyin murya, rigarsa ba ta taɓa yamutsewa, turarensa yana riga shi shiga ɗaki. Wata goma sha huɗu da suka wuce ina aiki a wani ɗan shagon hoto, ya zo ɗaukar fasfo sau uku a sati guda. A na ukun na ce, "Malam, fuskar taka canzawa take yi ne kullum?" Ya yi dariya ya ce, "Tun da na gan ki take canzawa." Shi ya samo mini aikin jaridar. Shi ya samo wa Yayana aikin direba a ma'aikata. Ni kuwa, ba zan ɓoye muku ba, na faɗa sonsa har wuya.

Ranar Litinin da safe ina gaban madubi ina ɗaura ɗankwali, na sa doguwar rigata ruwan toka mai 'yan duwatsu a hannu, sai wayata ta yi ƙara, saƙon Zuma ne.

"Barka da safiya, hasken idona. Ki yafa shuɗin mayafin nan yau. Edita na son ganinki."

Umma tana tsaye a bakin ƙofa da tiren shayi, idonta a kan wayar.

"Shi ne ko?" ta ce. "Yaron nan sau biyu yana cewa iyayensa na son zuwa. Me kike jira, Auta? Sai wata ta yi miki wuf da shi?"

"Umma, Baba fa bai ce komai ba."

"Babanki yaushe rabonsa da cewa komai? In za ki jira bakinsa sai furfura ta cim miki. Ki ba shi amsa cikin satin nan, na gaji da kunyar mutane."

Baba yana tsakar gida a ƙarƙashin rumfarsa, yana goge ƙafar wata kujera. Kafinta ne, ko da yake yanzu hawan jini da ciwon gwiwa sun rage masa aiki. Yatsansa na kusa da ƙarami a hannun hagu zarto ya cinye tun kafin a haife ni. Jaridar da nake kawowa kullum bai taɓa buɗe ta ba, ƙusoshi yake ƙunshewa a ciki. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya kalli shuɗin mayafin, ya koma kan kujerarsa.

Ofishin Edita sanyi kamar cikin firji. Gajere ne mai tumbi, yana murmushi da haƙora amma idonsa ba ya taya shi. Ya ce in zauna, abin da bai taɓa ce mini ba.

"'Yata, Juma'ar sama za a yi taron tunawa da ranar ceto a filin wasa. Muna son hoton nan babba, wanda zai rufe bangon bene. Tsohon da muke bugawa in aka faɗaɗa shi fashewa yake yi. Ga na asali."

Ya turo mini wani tsohon ambulan ruwan ƙasa.

"Ke kaɗai za ki yi shi. Ki rufe ƙofarki."

Na rufe. A cikin ambulan akwai ɗan guntun fim, irin na kyamarar da, mai hoto uku a jere. Na sa shi a na'urar kwafe hoto, na jira. Hoton ya fara saukowa a allon kwamfuta daga sama, layi bayan layi. Ga sararin sama, ga rufin gidaje, ga kan mutumin.

Masu karatu, ba fuskar Shugaba ba ce. Fuskar Baba ce. Baba yana matashi, gashinsa baƙi wuluk, bakinsa a buɗe yana neman numfashi. Hannunsa na hagu yana dafe da bayan yarinyar, yatsu huɗu. A wanda ake bugawa an yanke hoton daidai wuyan hannun, shi ya sa ba wanda ya taɓa lura.

A hoto na uku yarinyar ta ɗago kai. Ga 'yar tsagar nan a girarta ta hagu, wadda kullum nake cikewa da jagira. Ni da Umma ta ce lokacin ambaliya muna can gidan kakata, ko ɗigon ruwan ba mu gani ba. Ni da har yau in aka zuba mini ruwa a ka ba shiri sai numfashina ya ɗauke, ban taɓa sanin dalili ba.

Na juya ambulan ɗin. A baya an rubuta da tsohon biro da ya koɗe: "Kafintan bayan kasuwa da 'yarsa, shekara huɗu." A ƙasa kuma akwai sabon rubutu, adireshin shagon hoton da na yi aiki, da kwanan wata. Sati ɗaya kafin zuwansa ɗaukar fasfo na farko. Na san rubutun. Ina da katuna goma sha ɗaya da wannan rubutun a ƙarƙashin katifata.

Aka ƙwanƙwasa sau biyu a hankali. Turaren ya riga shi shigowa. Ya mayar da ƙofar, ya kalli allon, ya kalle ni.

"Kin gani ke nan," ya ce.

"Ashe ni aiki ce aka ba ka."

"Ki rage murya."

"Ka amsa mini."

Ya ja kujera ya zauna, ya sunkuyar da kai. "Da farko, e. An ce in nemo ki, in jawo ki kusa. Abin da ya biyo baya ba wanda ya sa ni. Ko kin yarda ko ba ki yarda ba, haka ne."

"Me suke so?"

"Wata jaridar waje ta fara tambaya. Sun ce wuyan da kan ba su dace ba, sun ce ina yarinyar take. Da a da ne, da wata aka ɗauko aka koya mata. Yanzu ana son ta gaske, mai tsagar gira, wadda tsofaffin maƙwabta za su shaida. Za ki hau dandamali ki ce, ni ce yarinyar. Ba ƙarya za ki yi ba, ai ke ce ɗin."

"Maƙwabtan ai sun san wanda ya ɗauko ni."

"Ana binsu ɗaya bayan ɗaya ana tuna musu yadda abin ya faru."

Na nuna allon. "Hannun fa? A babban hoto ba zai yanku ba."

"Shi ne aikinki. Ki ɗora kan, ki mayar masa da yatsansa." Ya ciro wata takarda daga aljihu ya ajiye a gabana. "Ga jawabin. Ni na rubuta, na sassauta iya yadda zan iya. Akwai layi uku na Baba."

"Baba kuma?"

"Zai tsaya kusa da ke ya yi godiya."

Na karanta layin ukun. Wai Baba yana kan rufin ɗaki yana kuka, ya fid da rai da 'yarsa, tsoro ya hana shi shiga ruwa, sai ga Garkuwa kamar daga sama.

Ban san yadda na kai ƙarfe huɗu ba. Na goge wa Shugaba gumi a hotuna shida, na gaisa da mutane a matakala, na hau motar haya na sauka a layinmu, duk kamar wata ce take yi ba ni ba.

Na tarar da Baba ya idar da la'asar yana zaune a kan tabarma a rumfarsa. Ban ko cire mayafi ba na zauna a gabansa, na kama hannunsa na hagu na riƙe. Tun ina yarinya rabona da yin haka.

"Baba, na ga fim ɗin."

Ya kalli hannayenmu. Sannan ya ce, "Ashe ba su ƙona shi ba."

Ya ba ni labarin a gajarce, kamar mai karanta awon katako. Ruwa ya shigo da hantsi, Umma ta fita da Yaya, ni na maƙale a ɗaki. Ya koma ya ɗauko ni. Wani mai hoto a kan gada ya ɗauka, daga baya ya wanko ɗaya ya kawo masa kyauta. Shekara biyu bayan nan Mutumin ya hau mulki, sai ga hoton a jarida da wani kai. Kwana uku tsakani mutum biyu suka zo da buhun shinkafa. Ɗaya ya ajiye buhun, ɗayan ya ajiye bindigarsa a kan bencin aiki, ya cire hoton daga bango, ya tambayi Baba ko ya taɓa shiga ruwa. Baba ya ce ko iyo bai iya ba.

"Mai hoton fa?"

"Mota ta kaɗe shi a wannan watan. Allah ya jiƙansa, yaron kirki ne."

Na gaya masa abin da suke so, har da zancen yatsan. Ya yi 'yar dariya. "To ki sa mana. Shekara talatin ina neman mai mayar mini da shi, ashe a gidana take."

Na miƙa masa takardar. Ya sa tabaransa mai ɗaurin zare, ya karanta layinsa uku, leɓensa yana motsi. Dariyar ta ɓace. Ya ninke takardar ya miƙo mini.

"Auta, shiru na iya. Shekara ashirin ina yinsa, ba wanda ya koya mini. Suna ma ba na so, su riƙe. Amma in tsaya gaban jama'a, a gabanki, in ce kina cikin ruwa ni ina kan rufi ina kallo, wannan bakina ba zai iya ba."

"Zai iya, Malam."

Umma ce. Ashe tana bayan labulen kicin tun ɗazu. Ta fito da ludayi a hannu, fuskarta jiƙe da hawaye, amma muryarta ko rawa ba ta yi.

"Zai iya, don ba kai kaɗai ba ne a gidan nan. Akwai ɗanka da matarsa da ciki wata bakwai. Akwai wannan." Ta juyo gare ni. "Ke kuma kina ganin don turarensa nake matsa miki? Tun ranar da ya fara sallama a ƙofar nan na san daga inda iskar ta kaɗo. Na ce in dai kina ɗakinsa, ai ba za su taɓa surukansu ba."

"Umma, kin sani, kika bar ni ina ta haukata a kansa?"

"Na sani. Ki tsane ni da ranki, ya fi in yi kukanki."

Baba ya miƙe. Ya ɗauki takardar gogewa ya koma kan ƙafar kujerar da ta riga ta yi sumul.

Washegari, wato jiya, na yi abin da har in mutu ba zan yafe wa kaina ba. Na ga kamar dabara ce. Kafin in fita na tura wa Zuma saƙo.

"Ni zan yi. Amma a bar Baba, ba shi da lafiya, jininsa ya hau sosai, ko tsayuwa ba ya iyawa."

Alamar ya karanta ta fito. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Can sai ga amsa.

"Da ba ki rubuta wannan a waya ba."

Ƙarfe sha ɗaya da rabi ina ofis Umma ta kira. Kalma biyu ta ce, "Zo gida." Na bar jakata a kan tebur na fito.

Layinmu cike da mutane. Mai shagon kan kwana ya tare ni yana washe baki. "Barka, 'yar gidan kafinta. Ashe ku manya ne kuka ɓoye mana. Motar asibiti sabuwa dal, har da masu babur a gaba." Matan maƙwabta suna ta sa albarka, amma ba wadda ta yarda muka haɗa ido.

Umma tana zaune a ƙasa a tsakar gida. Ta ce mutum huɗu ne da likita, masu ladabi, har da cire takalmi. Sun ce labari ya kai ga Shugaba cewa mahaifin yarinyar da ya ceta yana kwance, ya ce a ɗauko shi a kula da shi. Baba yana tsaye da guduma a hannu ya ce lafiyarsa ƙalau. Likitan ya ce ai haka ciwon yake, mai shi ba ya sani. Suka kwantar da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, mai hoton jaridarmu yana ta ɗauka. Ba su faɗi sunan asibitin ba. Tabaransa ma a kan benci suka bar shi.

Yau da safe jarida ta fito. Babban kanun ya ce: GARKUWA BAI MANTA BA, YA SAKE CETON GIDAN DA YA CETA. A ƙasa ga Baba a kan farin gado, an jera masa furanni, idonsa a kan silin. An naɗe hannunsa na hagu da bandeji tun daga yatsu har gwiwar hannu. Na kira lambarsa ya fi sau talatin, a kashe.

Ban je aiki ba. Wajen sha biyu aka yi sallama, na leƙa, Zuma ne, da wani mutum mai baƙin tabarau tsaye a jikin mota yana kallonmu. Rigar Zuma a yamutse, yau na fara ganin haka. Yana riƙe da jakata da na bari a ofis, da wata babbar leda.

"Ga kayan da za ki sa ranar," ya ce da ƙarfi, yadda mutumin zai ji. "Farin leshi ne, uwargidan Shugaba da kanta ta zaɓa. Edita ya ce ki huta yau, gobe da safe yana son hoton a kammale. Da kin gama za a kai ki ki ga Baba."

"Yana ina?"

"Yana samun kulawa."

Na kalle shi, na rasa wanda nake gani, mai fasfo uku ko mai rubutun bayan ambulan. Ya miƙo mini jakar. Da hannunmu ya haɗu sai ya matse yatsuna, ya ce a hankali, leɓensa ko motsi ba su yi sosai ba, "Aljihun ciki. Kar ki kira da wayarki."

Ya juya ya shiga motar, suka tafi.

Na shige ɗaki na sakaya ƙofa, na zuge aljihun. Guntun fim ɗin ne, a naɗe cikin hankicinsa. Tare da shi akwai 'yar takarda mai lambar waya ta ƙasar waje, a ƙasa ya rubuta: "'Yar jaridar wajen da ke tambaya. Jirginta zai tashi jibi. Ba su san fim ɗin ya bar ofis ba."

Sa'a uku ke nan ina juya takardar. In da gaske yake, ya sa wuyansa a igiya domina, kuma gobe da safe Edita zai buɗe ambulan ya tarar babu komai. In kuma su suka aiko shi su gwada ni, to ina danna lambar nan na gama da Baba da hannuna. Wannan rubutun ne dai ya taɓa kai ni ya baro.

Umma ta ƙwanƙwasa yanzu, ta ce in fito in gwada leshin ko yana son ragi. Na ce ina zuwa. Na tura fim ɗin cikin rigata, na leƙa ta taga. Matar maƙwabcinmu tana shanya, wayarta tana ajiye a kan katangar da ta raba gidajenmu, daidai inda hannuna zai kai.